Kafin littattafan soyayya: Abin da malaman Sakkwato suka rubuta kan lafiya, sana'a da zaman aure

Mai karatu, in an ambaci Sakkwato a fagen rubutu, abin da ke fara zuwa a ran yawancinmu shi ne jihadi da tarihin yaƙe-yaƙe. Ba laifi, domin haka aka koyar da mu a makaranta. To amma ka san cewa mutanen da suka kafa birnin a 1809 sun yi rubutu a kan ciwon ido da basir, da neman abin kai, da yadda miji zai zauna da matarsa? Yau ga abin da za mu leƙa ke nan, domin damuwar da marubutanmu na Kano da Kaduna suke zubawa a labarai, an riga an taɓo ta a Sakkwato shekara ɗari biyu da suka wuce.

Bari mu fara da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817. A littafinsa Ihya'us Sunna ya bi rayuwar Musulmi daki-daki, tun daga tsarki da salla har aure, ciniki, sutura da cin abinci, yana nuna sunna yana nuna bidi'a. A Nurul Albab kuwa sai ya juya kan malamai 'yan'uwansa. Ya zarge su da tara ɗalibai a zaure suna karantarwa, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san ko hukuncin addininsu ba. Ya kuma gaya wa mata cewa biyayyar miji ba ta kore wajibcin neman ilimi. Ka tuna Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu? Ai kukan da ta yi ke nan, sai dai ita da labari ta yi shi, shi kuwa Shehu da hujjojin fiƙihu.

Ƙanensa Abdullahin Gwandu an fi saninsa da tafsirin Liya'ut Ta'awili da kuma Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta wa Kanawa a kan mulki. Amma yana da wani littafi mai suna Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki wuri guda. A wurin waɗannan bayin Allah, mara lafiya ba ya iya ibada yadda ya kamata, don haka kula da jiki ma aikin malami ne.

Wanda ya fi kowa zurfafawa a nan shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Duk da ɗawainiyar daula da fita yaƙi kusan kowace shekara, ya samu sukunin rubuta littattafai da dama a kan magani. Akwai Talkhisul Maƙasid a kan magunguna, akwai Alƙaulul Mansur a kan basir, akwai wanda ya keɓe wa cututtukan ido, da wanda ya yi a kan amfanin filasko. Ya ɗebo daga maganin Annabi (SAW) da littattafan likitocin Larabawa na da, ya kawo su ga mutanen ƙasarsa. Shaida ta waje ma tana nan: lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, daga cikin abin da Bello ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Ka ga ke nan ba mutum ne mai ƙyamar ilimin wasu ba. Saboda haka wanda yake ƙin zuwa asibiti yau da sunan bin magabata, sai ya sake tunani.

A ɓangaren sana'a, Bello ya rubuta Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen neman abinci, inda ya yabi cin gumin kai ya kuma soki zaman kashe wando da roƙo. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa aikin shugaba ne ya ƙarfafa manoma, maƙera, masaƙa, marina da sauran masu sana'a, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Dalilinsa a fili yake. Jama'ar da ta fito daga yaƙi, in ba a zaunar da ita ta kama aiki ba, to ganima za ta ci gaba da hange, daga nan kuma sai zalunci.

Sai uwa ma ba da mama, Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, har da abin da ya shafi mai ciki da haihuwa. Babbar hikimarta ita ce ta gane cewa littafi ba ya amfanar wanda bai iya karatu ba, sai an kai masa shi a baki. Don haka ta kafa 'Yan Taru. Tana naɗa dattijuwa ta ba ta malafa da jan rawani, a kira ta jaji, ita kuma ta jagoranci mata daga ƙauyuka su zo su haddace waƙoƙin wa'azi, su koma su koya wa na gida. Waƙoƙin sun ƙunshi tauhidi, tsarki, haƙuri, kyautata wa maƙwabta da nisantar bori. In ka lura, dabarar da fim da rediyo suke amfani da ita ke nan: saƙo ya shiga har cikin ɗaki ta hanyar da kunne zai so.

To me ya raba mu da wannan gado? Turawa sun ci Sakkwato a 1903, boko ya zo ya zama rubutun ofis da makaranta. Mafi yawan littattafan nan da Larabci suke, waƙoƙin kuma da ajami, don haka ɗan boko ya tashi bai iya karanta su ba. Allah ya saka wa marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, domin taskarsa ce ta zama rijiyar masu bincike. Daga cikinta Murray Last ya amfana ya fitar da littafinsa na tarihin daular a 1967. Jean Boyd ma ta amfana, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997. Abin takaicin shi ne waɗannan da Turanci suka fito, ɗalibi a Amurka ya fi matar aure a Mabera ko Gidan Igwai saukin samunsu.

Nan ne ƙalubale ya faɗo kan marubuta da 'yan fim. Kullum ana zarginsu da kwaikwayon Indiya, su kuma suna kukan ƙarancin labari. Ga labari a ƙofar gida: jaji da ayarinta a kan hanyar Sakkwato, sarkin da yake dawowa daga yaƙi ya ɗauki alƙalami ya rubuta maganin ciwon ido, malamin da ya tsaya wa ilimin mata a lokacin da hakan ke jawo masa suka. Ofishin Tarihi da Al'adu na Waziri Junaidu yana nan a Sakkwato, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma tana da malaman da suka san rubuce-rubucen nan ciki da bai. Takarda kuwa ba ta jira, gara da damshi suna cinta a hankali.

Saboda haka, mai karatu, in hanya ta kai ka Sakkwato ziyarar Hubbare, ka ɗan ratsa wurin masu sayar da littattafan addini ka tambayi Nurul Albab ko wani littafin Bello, ka nemi malami ya karanta maka. In kuwa kai marubuci ne, sai ka mayar mana da shi Hausar da kowa zai gane. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon amfana da abin da suka bari.