2.3 Asalin Matsalar Tanƙwarewar Fayif a Aikin Walda

Tarihi ya nuna cewa matsalar tanƙwarewar ƙarfe ta taso ne tare da ita kanta walda. A shekarar 1903 ne wasu injiniyoyin Faransa, Edmond Fouché da Charles Picard, suka fito da bakin wutar waldar gas. Ba da jimawa ba maƙeran jiragen sama suka rungume shi. A Jamus, kamfanin Fokker, wanda ya ɗauki Reinhold Platz aikin walda a 1912, ya riƙa haɗa gangar jirgi da siraran fayif na ƙarfe maimakon katako, kamar jirgin D.VII na 1918.

To amma wurin da aka yi wa walda yakan tsuke idan ya huce, ya janyo fayif gefensa. Karkatacciyar ganga kuwa takan hana jirgi tafiya daidai a sama. Dabarar da masu walda suka dogara da ita ita ce zafafa bayan tanƙwarar. Ƙarfe mai sanyi da ke kewaye yakan hana wurin buɗewa, saboda haka idan ya huce sai ya gajarce fiye da da, ya ja fayif ɗin ya miƙe.