Shaidar da Jirgin Sama Ke Bayarwa a Tsohon Hoto

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu mutane da suka ɗauki wani abu a matsayin nishaɗi, watau su sami tsohon hoton jirgin sama da babu rubutu a kansa, su yi ta nazarinsa har sai sun gano irin jirgin, da kamfanin da ya ƙera shi, da lokacin da ya yi aiki. Mai kallo daga nesa zai zaci aikin marasa abin yi ne. Amma ga ɗalibin tarihin ƙasar Kano, wannan nishaɗi hanya ce ta sanya wa hoto shekara, domin sau da yawa jirgin da ke bayan mutane shi kaɗai ne shaidar da ta rage bayan su mutanen sun riga mu gidan gaskiya.

Tarihin jirgin sama a Kano ya fara ne ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawakai da ke wajen ganuwa. Sun taso ne daga Helwan, kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Samfurinsu shi ne DH.9A, kuma kamanninsa ba sa ɓoyuwa: fukafukai hawa biyu, inji ɗaya da farfela a hanci, da gurabe biyu a buɗe, inda matuƙi da abokinsa ke zama kawunansu a waje. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1936, kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano da jirgin DH.86. Shi ma fukafukansa hawa biyu ne, amma injinansa huɗu, kuma yana da rufaffen ɗakin fasinja mai tagogi. Saboda haka, duk wanda ya nuna hoton jirgi mai inji huɗu ya ce shi ne na farko da ya sauka a Kano, ƙidayar farfela kawai ta isa ta warware maganarsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da wasu samfurori. Daga 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Ghana a yau. A can ake harhaɗa su, sannan su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Hartum, har zuwa Masar. A hotunan wannan zamani akan ga Hurricane, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da mazaunin mutum ɗaya, tare da Blenheim mai inji biyu, wanda yakan shige gaba ya nuna wa ƙananan hanya. Dukansu fukafukansu hawa ɗaya ne, kuma wannan ya raba su da na 1925.

Bayan yaƙi, Kano ta zama zangon manyan jiragen da ke ƙetare Sahara. A nan ne idon mai nazari ke buƙatar ƙwarewa, domin wasu samfurori sun yi kama ainun. Alal misali, Argonaut na kamfanin BOAC, irin wanda ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Kano ranar 24 ga Yuni 1956, an ƙera shi ne a Kanada bisa tsarin DC-4 na Amurka, amma da injinan Rolls-Royce. Gangar jikin kusan ɗaya ce, sai ta siffar murfin inji ake bambance su. Wasu kuwa tun daga nesa ake gane su: Constellation wutsiyarsa reshe uku ce, VC10 kuma, wanda ya fara jigila tsakanin Landan da Nijeriya a 1964, injinansa huɗu duk suna can baya kusa da wutsiya.

Bayan siffa, akwai harufan rajista da ake rubutawa a jikin kowane jirgin farar hula. Harafin G na Ingila ne. Jiragen Nijeriya a zamanin mulkin mallaka suna farawa da VR-N, bayan samun 'yancin kai a 1960 aka mayar da su 5N. Wanda ya iya karanto cikakkiyar lambar yana iya bin tarihin wannan jirgi shi kaɗai, daga ranar da aka saye shi zuwa ranar da aka jingine shi.

To, ina ruwan mutumin Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa da wannan ilimi, alhali babu filin jirgi a garinsa? Amsar tana cikin aikin hajji. Kakanninsa sun yi tafiyar Makka ta ƙasa, ta Borno da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Da jirgi ya karɓi wannan aiki, filin jirgin saman Kano ya zama ƙofar da alhazan kudancin Kano ke fita ta cikinta, kuma hoton alhaji a gindin matakalar jirgi ya shiga cikin kayan tarihin gidaje. Yawancin irin waɗannan hotuna ba a rubuta musu shekara ba. Idan jirgin Nigeria Airways ne mai inji uku, biyu a ƙarƙashin fukafukai, ɗaya a jikin wutsiya, to DC-10 ne, kuma hoton bai riga 1976 ba, shekarar da kamfanin ya sami irinsa. Idan sunan Kabo ne a jikin jirgin, hoton bai riga farkon shekarun 1980 ba. Da wannan, iyali za su iya daidaita shekarar hajjin kakansu, su kuma auna sauran labaran gidan da aka saba ƙirgawa daga wannan hajji, kamar haihuwa, da aure, da naɗin sarauta, da sayen gona.

Sai dai wannan shaida tana da iyaka, kuma wajibi ne mai bincike ya san ta. Jirgi yana faɗin shekarar da hoto ba zai riga ta ba, amma ba ya faɗin ainihin ranar da aka ɗauke shi. DC-3, wanda ya fara tashi a 1935, ya yi shekaru aru-aru yana aiki a Afirka, don haka ganinsa shi kaɗai ba ya raba 1945 da 1965. Haka kuma kamfanonin jigilar alhazai sukan yi hayar jirage daga wasu ƙasashe, har sunan da ke jikin jirgi ya saɓa da na kamfanin da ya sayar da tikiti. Dole a haɗa shaidar jirgi da ta tufafi, da motoci, da ginin da ke bayan hoton, da kuma bakin dattawa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne adana hotunan kansu. Gara, da danshin damina, da rabon gado suna cinye su kowace shekara, wasu kuma ana yaɗa su a intanet da bayanin da ba nasu ba, har kuskure ya zauna a zukatan matasa. Kamfanin Nigeria Airways kansa ya daina aiki tun 2003. Ɗalibin da ya je hutu gida, da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke zagaya ƙauyuka, kowannensu na iya ɗaukar kwafin irin wannan hoto, ya rubuta sunan mai shi da abin da dattawan gidan suka tuna, ya kuma tabbatar jirgin ya fito sosai har da harufan jikinsa. Gidan Makama, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, wurare ne da suka dace a kai irin wannan amana. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, amma sai an bar abin da za a waiwaya a gani.