Robin Williams: Tsakanin barkwancin dandamali da wasan fim

Robin McLaurin Williams, wanda aka haifa a birnin Chicago na Amurka ranar 21 ga Yulin 1951, ya rasu ranar 11 ga Agustan 2014 yana da shekara 63. Ya yi fice a sana'o'i biyu da jama'a kan ɗauka abu guda ne: barkwanci a gaban 'yan kallo, da fitowa a fim. Har yau masu sharhi na muhawara a kan wadda ta fi bayyana baiwarsa, da dalilin da ya sa masana'antar Hollywood ta ba shi lambarta mafi girma a fim ɗin da ya fi kame bakinsa.

Bambancin sana'o'in biyu

A barkwancin dandamali, mutum ɗaya ke tsayawa da makirufo a gaban jama'a. Shi ne marubuci, shi ne mai ba da umarni, hukuncin 'yan kallo kuma nan take yake zuwa, ko dariya ko shiru. Abin ya ɗan yi kama da wasan 'yan kama a ƙasar Hausa, inda yanayin taro ke juya akalar wasa. Akwai kuma ƙirƙirar nan take, wato tsaro magana daga ka ba tare da rubutu ba, bisa abin da ya taso a wurin.

Shi kuwa fim aikin taron dangi ne. Akwai rubutaccen labari, akwai darakta, ana maimaita fitowa guda sau da dama, sannan mai tace hoto ya zaɓi abin da zai kai ga jama'a. Baiwar da ta ginu a kan bazata tana shan wuya a inda aka tsara komai tun kafin a kunna kyamara.

Tushensa a dandamali

Williams ya samu horon wasan kwaikwayo kafin ya yi suna a barkwanci. A 1973 ya shiga makarantar Juilliard da ke New York, tare da Christopher Reeve, ya bar ta a 1976 bai kammala ba. Ya goge a ƙananan gidajen barkwanci na San Francisco da Los Angeles, yana koyi da Jonathan Winters, gwanin ƙirƙirar nan take. An san shi da saurin baki da sauya murya: cikin minti guda sai ya zama mai wa'azi, ya koma jariri, ya rikiɗe ɗan siyasa.

Shirin talabijin na Mork & Mindy, wanda aka nuna daga 1978 zuwa 1982, shi ya fito da shi. Saboda yawan kauce wa rubutu da yake yi, sai da aka ƙara kyamara ta huɗu don ta riƙa bin sa. A 1986 ya yi wasa a babban zauren Metropolitan Opera na New York, ya sake zagaye da Live on Broadway a 2002 da Weapons of Self Destruction a 2009.

A dandamali ne kuma siyasarsa ta fi fitowa fili. Ya caccaki Ronald Reagan da George W. Bush, ya yi magana a kan yaƙi da addini da shaye-shayen da shi kansa ya yi fama da su. Daga 1986 ya jagoranci gangamin Comic Relief tare da Whoopi Goldberg da Billy Crystal don tara kuɗi ga marasa matsuguni, a 1990 kuma ya yi jawabi a kan batun a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka.

Saurin nan nasa bai rasa aibi ba. Abokan sana'a sun zarge shi da ɗaukar barkwancinsu, shi ma ya amince cewa ya sha biyan waɗanda suka yi ƙorafi.

Yadda fim ya ɗauki baiwar

Finafinansa na farko, irin su Popeye na 1980 da The World According to Garp na 1982, ba su nuna wa jama'a mutumin da suka sani a dandamali ba. Darakta Barry Levinson ne ya gano dabarar a Good Morning, Vietnam na 1987: ya ba shi matsayin Adrian Cronauer, mai gabatar da shirin rediyon sojojin Amurka a Saigon a 1965. Tun da aikin jarumin surutu ne, sai ƙirƙirar nan take ta zama ɓangaren labari. Akasarin abin da ya faɗa a gaban makirufo daga kansa ya fito, kuma a nan aka fara sa sunansa a takarar lambar Oscar.

A Aladdin na 1992, inda ya yi muryar aljani, an juya tsarin aiki: ya yi ta zuba na tsawon sa'o'i a ɗakin naɗar murya, masu zane a ƙarƙashin Eric Goldberg suka bi sawun muryar. A Mrs. Doubtfire na 1993, darakta Chris Columbus ya ƙulla yarjejeniya da shi cewa zai fara yin yadda aka rubuta, daga baya a sakar masa mara, ana ɗaukarsa da kyamarori da yawa lokaci guda don kada a rasa komai.

Inda aka rasa irin wannan dabara, sakamakon kan yi rauni. Masu sharhi sun soki Jack na 1996 da Patch Adams na 1998 da Bicentennial Man na 1999 da neman hawayen 'yan kallo ƙarfi da yaji, duk da cewa Patch Adams ya yi kasuwa.

Lokacin da ya yi shiru

Hanya ta biyu ita ce a toshe maɓuɓɓugar barkwancin kusan gaba ɗaya. Haka Peter Weir ya yi a Dead Poets Society na 1989, Penny Marshall ma ta yi a Awakenings na 1990. A Good Will Hunting na 1997 ya fito a matsayin likitan ƙwaƙwalwa mai fama da rashin matarsa, wanda yawancin aikinsa saurare ne, kuma da shi ya ci Oscar ɗinsa tilo a 1998, bayan ya rasa sau uku. A 2002 ya fito a mugu a Insomnia da One Hour Photo.

Masu fifita dandamali na cewa wannan ya nuna son zuciyar masu ba da lambar, waɗanda ke ganin ban dariya ƙaramin aiki ne. Masu fifita fim na cewa barkwancin siyasa yakan tsufa tare da gwamnatin da aka yi shi a kanta, fim kuwa yana daɗewa. Abin da ɓangarorin biyu kan tsallake shi ne, saurare shi ne ginshiƙin ƙirƙirar nan take. Kunnen da ya koyi karanta numfashin 'yan kallo shi ne ya saurari Matt Damon, kuma jimlar ƙarshe ta fim ɗin ma daga kansa ta fito.

Wa ya mallaki muryar?

Abin da aka faɗa a dandamali na mai faɗarsa ne, amma abin da aka naɗa a fim yakan zama dukiyar kamfani. Williams ya karɓi dala 75,000, mafi ƙarancin ladan ƙungiyar 'yan wasa, a aikin Aladdin, bisa sharaɗin kada a yi tallan kaya da muryarsa. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 500, shi kuma ya zargi kamfanin Disney da saɓa alkawari, bai koma ba sai da aka ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Kafin mutuwarsa ya bar wasiyyar da ta taƙaita amfani da sunansa da hotonsa na tsawon shekara 25. Ya kashe kansa ne, binciken gawa kuma ya gano yana ɗauke da cutar ƙwaƙwalwa ta Lewy. A 2023, lokacin yajin aikin 'yan wasan Hollywood, 'yarsa Zelda ta fito ta yi tir da kwaikwayon muryarsa da ƙirƙirarriyar basira. Wa'adin wasiyyar zai ƙare a 2039.