ZARE: Wa ke da iko da ƙasar tsallaken Kogin Kaduna?

1/ Jama'a, duk wanda gidansu yake Sabon Tasha, Romi, Narayi, Gonin Gora ko Kakuri, wannan zaren naku ne. In aka wayi gari da jan fenti a katangar gidanku, wa ya ba da umarni, kuma da wace doka? Amsar tana cikin tarihi. Ku biyo ni a hankali.

2/ Kaduna gari ne da aka zana a takarda. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Dokar garuruwa ta Lugard ta wannan shekarar ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da filin yadi 440 a tsakani. Ofisoshi da gidajen manya duk arewacin kogi aka kai su.

3/ Kudu fa? Tashar jirgin ƙasa, sai ƙauyukan Gbagyi da gonakinsu. Makera a gefen layin dogo ta taso. Wato tun farko an ɗauki tsallaken kogi wurin aiki, ba a yi masa tanadin zaman dubban iyalai ba.

4/ Sai masana'antu suka zo Kakuri. Masaƙar KTL ta buɗe a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya. Kamfanin haɗa Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ko'ina. An ware wa injina fili, amma ma'aikaci sai dai ya nemi ɗakin haya ko ya sayi gona ya gina.

5/ A 1967 wani masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, ya fitar da tsarin Kaduna na shekara 50, har zuwa 2017. Amma a shekarar ce Gowon ya rushe Jihar Arewa ya yi jihohi 12, yaƙin basasa kuma ya ɓarke. Gwamnatin da ta nemi tsarin ta tafi, gari ya ci gaba da girma abinsa.

6/ Babbar dokar ita ce ta Amfani da Ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo. Ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna. A birni, shi kaɗai ke ba da takardar mallaka, wadda muke kira C of O. Ƙaramar hukuma ikonta a ƙasar karkara kawai yake.

7/ Ga inda gizo ke saƙar: gwamna ne ke ayyana inda ya zama "birni". In aka shigar da ƙauye cikin da'irar birni, ikon ƙaramar hukuma a kan filayensa ya ƙare. Kuma yana iya soke mallaka don amfanin jama'a. Diyya a kan gini da shuka ake biya, ba a kan ƙasar kanta ba.

8/ A ƙasa kuwa wani tsarin ne daban. Mai gona ya yanka fuloti da awon igiya, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, shi kenan. Ba a bar wa titi faɗi ba, balle kwata ko makaranta. Ba wai mutane sun raina doka ba ne. Filin gwamnati ne bai isa ga talaka ba.

9/ Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka ƙara wa abin gudu. Mutane suka yi ta ƙaura don tsira da rai, Kiristoci da yawa suka tsallaka kudu, Musulmi da yawa suka koma arewa. Wanda ke gudun mutuwa ba ya jiran izinin gini. Gonakin Chikun suka zama unguwanni cikin 'yan shekaru.

10/ To ina ƙaramar hukuma? Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta tanadi hukumar tsari har a matakinta. Amma a 2003 Legas ta yi nasara a kan tarayya a Kotun Ƙoli: tsara gari hurumin jihohi ne. Tun daga nan abin da majalisar jiha ta rubuta shi ne magana.

11/ Kaduna ta yi amfani da wannan damar sosai. A 2015, zamanin El-Rufai, aka kafa KADGIS, rajistar filaye ta koma kwamfuta a wuri ɗaya. KASUPDA ke ba da izinin gini, ita ke shafa jan fenti. A 2021 aka ƙirƙiro hukumar babban birni, KCTA, da shugaban da gwamna ya naɗa. Ciyaman na Makera ko Kujama ba shi ke yanke hukunci ba.

12/ Misali shi ne Gbagyi Villa. A 2016 gwamnatin jiha ta ce filin na Kaduna Poly ne, an yi gini ba izini. Mazauna suka ce ƙasar kakannin Gbagyi ce, daga hannunsu suka saya. Ɓangare ɗaya na riƙe da taswira, ɗayan na riƙe da tarihi, iyalai kuma na kwana cikin fargabar katafila.

13/ Gaskiya tsari dole ne. Duk damina muna ganin yadda ruwa ke cinye gidajen da aka gina a bakin kogi. Amma unguwar da aka bari ta girma shekara da shekaru, aka kai mata wuta, aka kafa rumfar zaɓe, ba adalci ba ne a tuna da taswira sai ranar rusau.

14/ Aikin gida: ku tambayi Baba ko Mama wace takarda gidanku ke da ita. In ta mai unguwa ce kaɗai, a je KADGIS a bincika matsayin filin da yadda za a daidaita shi. Mai shirin saye, bincike kafin biya. Mai shirin gini, izini kafin bulo.

15/ Lokacin zaɓe kuma, ɗan majalisar jiha za ku tsare da tambaya, don a zaurensu ake rubuta waɗannan dokokin. Ku tura wa 'yan unguwarku. Wanda kakanninsa suka ga tasowar Kakuri ko Romi, ya ba mu labari a ƙasa.