Tarihin Kare Irin Shinkafa a Gaɓar Kogin Isa

Noman shinkafa daɗaɗɗiyar sana'a ce a gaɓar kogin Isa, inda manoma suka daɗe suna tsince zangarniya mai lafiya su shanya ta, sannan su ajiye ta a rumbu domin shukar baɗi. Al'amarin ya canza bayan samun 'yancin kan Nijar a 1960, lokacin da aka shimfiɗa gandayen noman rani a Saga da Kirkisoye kusa da Yamai, aka kafa cibiyar binciken noma ta INRAN a 1975, da hukumar ONAHA mai kula da gandayen a 1978. Noma sau biyu a shekara ya ƙara amfani, amma ya ba cututtuka damar yaɗuwa, musamman ƙunar ganye, don haka aka koma ga cuɗa iri da maganin sinadari kafin a zuba shi.

Daga baya masana a Indiya suka gwada cuɗa iri da bakteriya mai amfani, wato ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa irin su Pseudomonas fluorescens, waɗanda ke mamaye saiwa su hana masu cutarwa wurin zama. Wannan hanya ta cancanci a gwada ta da gaske a gandayen Yamai.