Inda Ƙarfin Guguwa Yake Ƙarewa

A shekarar 1922, masanin yanayi ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya bayyana abin da idon kowa ke gani a kogi: babbar guguwar ruwa takan tsage ta haifi ƙanana, su ma su haifi waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har ƙarfin motsin ya rikiɗe ya zama zafi. A 1941, Andrey Kolmogorov na Tarayyar Sobiyet ya tsara lissafin wannan gangarowa.

Sai dai abin da ke kwarara a Rana ba ruwa ba ne. Filasma ce, wato iskar gas mai tsananin zafi da ke ɗauke da lantarki, wadda maganaɗisu ke juya akalarta. A 1942, Hannes Alfvén na Suwidin ya nuna cewa layukan maganaɗisu a cikinta suna kaɗawa kamar tsirkiyar garaya. Masana da dama sun yi tababa, amma a 1970 aka ba shi kyautar Nobel.

Wannan kaɗawa ta sauya lissafin. A shekarun 1960, Iroshnikov da Kraichnan suka yi bayanin cewa ƙarfi na gangarowa ne idan kaɗawa biyu masu tahowa daga ɓangarori kishiyoyi suka yi karo. A 1995, Goldreich da Sridhar suka ƙara da cewa guguwar tana miƙewa a kan layin maganaɗisu, amma tana daddatsewa a gicciyensa.

Muhawarar ba ta takarda kaɗai ba ce. Zafin fuskar Rana kusan digiri 5,500 ne a ma'aunin Salshiyos, amma rawanin iskar da ke kewaye da ita ya haura miliyan ɗaya, kuma gangarowar ƙarfi na cikin manyan dalilan da ake zato. Daga wannan rawani ne filasma ta ɓalle a watan Maris na 1989, ta jefa mutane kusan miliyan shida cikin duhu na sa'o'i tara a lardin Kwibek na Kanada.

A watan Afrilun 2021, kumbon Parker na hukumar NASA ya ratsa iyakar da ke ɗauke da sunan Alfvén. A ƙasanta, maganaɗisun Rana na riƙe da filasma. A samanta, gudun iskar ya zarce na kaɗawar, ta tafi ba dawowa. Alfvén ya rasu a 1995, shekara 26 kafin na'urar ɗan'adam ta isa wurin.