Ee ko A'a: labarin ƙuri'ar 1958

Yau za mu koma baya, mu duba wata rana da kakanninmu suka jefa ƙuri'a. Ranar Lahadi ce, 28 ga watan Satumba 1958. Ba mutum aka zaɓa ba a ranar. Tambaya ce aka yi wa jama'a, amsarta kuma kalma guda: Ee ko A'a. Irin wannan ita ake kira ƙuri'ar raba gardama.

A lokacin Nijar tana hannun Faransa. Janar Degol ya karɓi gwamnatin Faransa a watan Yuni 1958. Ya sa aka rubuta sabon tsarin mulki. Cikin tsarin akwai yarjejeniya tsakanin Faransa da ƙasashen Afirka da take mulka. Sunanta Tarayyar Faransa.

Ga abin da yarjejeniyar ta ƙunsa. Kowace ƙasa za ta riƙe al'amuranta na cikin gida. Za ta samu majalisa da gwamnati nata na kanta. Amma soja, da kuɗi, da hulɗa da ƙasashen waje, duk suna hannun Tarayya. Shugaban Tarayya kuwa shi ne shugaban Faransa. Ƙasar da ta ce Ee ta shiga Tarayya ke nan. Wadda ta ce A'a za ta samu ƴancin kai nan take. Amma Degol ya faɗa a fili, wadda ta fita kada ta jira taimakon Faransa.

Kun ga magana ce mai nauyi. Ku ɗauki manomin gyaɗa na Maraɗi ko na Damagaram. Faransa ce ke sayen gyaɗarsa. Da kuɗin gyaɗa yake biyan haraji, da shi yake yi wa iyali sutura. In an ce A'a, wa zai sayi gyaɗa? In an ce Ee, yaushe za a fita hannun Turawa? Kowace amsa da ribarta da hasararta.

Shugabannin ƙasa sun rabu biyu. Jibo Bakari shi ne shugaban gwamnatin Nijar a lokacin. Jam'iyyarsa Sawaba, alamarta raƙumi. Tun watan Yuli 1958, a taron Kotonu, yana cikin waɗanda suka nemi ƴanci ba da jinkiri ba. Sai ya ce wa jama'a su jefa A'a. Jori Hamani da Bubu Hama su ne manyan jam'iyyar RDA, mai alamar giwa. Su sun ce a jefa Ee. A ganinsu ƙasa ba ta da isassun ma'aikata da dukiya tukuna, gara a bi sannu.

To, yaya aka shirya mai jefa ƙuri'a? Nan ne ya kamata mu tsaya.

Na farko, lokaci ya yi kaɗan. Ranar 4 ga Satumba aka bayyana tsarin mulkin a Paris. Ranar 28 aka yi ƙuri'a. Kwana 24 ke nan. Ƙarshen damina ne kuma, hanyoyi sun lalace, mutane suna gona wajen girbin gero. Degol ya zagaya Afirka a watan Agusta don ya yi bayani. Ya je Barazabil, da Abijan, da Konakiri, da Dakar. Bai zo Ƴamai ba.

Na biyu, takardar da Faransanci aka rubuta ta. Tana da aya 92. Waɗanda suka shiga lakkwal a ƙasarmu ƴan kaɗan ne a lokacin. Malamanmu da suka iya ajami ma, takardar ba da harshensu take ba. Saboda haka mafi yawan mutane a bakin wani suka ji labarinta. Wanda ya kawo maka labari kuwa, abin da yake so shi yake fara faɗa.

Na uku, ƙuri'a sabon abu ce ga mutane da yawa. Sai a shekarar 1956 doka ta ba kowane baligi, mace da namiji, ikon jefa ƙuri'a. Shekara 2 kaɗai kafin wannan rana.

Na huɗu, mai riƙe da akwati yana da ɓangare. Ana gab da ƙuri'a Faransa ta aiko sabon gwamna, sunansa Kolombani. Masana tarihi sun nuna gwamna da kumandojinsa sun yi aiki don Ee ta ci. Sarakuna da yawa ma Ee suka bi. Talaka a ƙauye, in kumandan da sarki sun faɗi magana guda, da wuya ya fito ya faɗi wata.

Da aka ƙidaya, Ee ta samu kamar kashi 78 cikin 100, A'a kashi 22. Amma ga wani lissafi da ya fi wannan ban mamaki. Cikin mutum 10 da aka rubuta sunansu, waɗanda suka je akwati ba su cika 4 ba. Sama da rabi sun zauna gida. An yanke makomar ƙasa ba da su ba.

Ƙasar Gine kaɗai ce ta ce A'a, ƙarƙashin Seku Ture. Ta samu ƴanci ranar 2 ga Oktoba 1958. Faransa ta kwashe ma'aikatanta, ta yanke taimako. A Nijar, gwamnatin Jibo Bakari ta sauka a watan Oktoba. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati. A 1959 aka hana jam'iyyar Sawaba. Ƴancin kai ya zo ranar 3 ga Agusta 1960.

Akwai abu guda cikin takardar nan da ya shafi gardamar duka. Aya ta 86 ta ce ƙasar da ta shiga Tarayya tana iya neman fita daga baya. Wanda ya san wannan aya, ko Ee ya jefa ko A'a, da saninsa ya jefa. Wanda bai sani ba, maganar wani ya kai akwati.

Bayan 1958 an sake yin ƙuri'ar raba gardama a ƙasarmu sau da dama, kamar a 1987, da 1992, da 2010. Ku da kuka koyi karatu, kuna da abin da kakanninmu suka rasa. In irin wannan rana ta zo, ku nemi takardar da harshenku. Ku karanta ta aya aya, ko da sannu ne. Inda ta yi wuya ku tambayi malamin yaƙi da jahilci. Ku saurari mai Ee, ku saurari mai A'a. Ku karanta wa maƙwabcin da bai iya ba, ba ƙari ba ragi. Sannan ku fita ku jefa, mata da maza.

In kun taru a aji, ku tattauna wannan: da kuna nan a 1958, wace tambaya za ku yi kafin ku jefa ƙuri'a? Ku tambayi tsofaffin garinku abin da iyayensu suka ba su labari. Sai wani jiƙo.